Shekarar da Dalma Ta Shigo Gidan Malam

Na san abin da ake faɗa a kaina a garin nan, na kuma san wasunku sun ji sun yi shiru. Ana cewa ni ce matar malamin da ta jawo hukuma har cikin ɗakin surukarta, ta toshe wa matan gari hanyar abinci. Ana kuma cewa Abba, ɗan babban yayanku, haka aka haife shi, ko kuwa iska ce ta taɓa shi a bakin kanal yana ƙarami. Maganar farko rabinta gaskiya ce, ban kuma taɓa jin kunyarta ba. Ta biyun ƙarya ce tsagwaronta, ita ce ta sa na ɗauki biro da tsufana. Ku da kuke makaranta a birni lokacin, guntu-guntun labarin kuka tsinta, kowa daga bakin wanda ya fi so. To ga nawa.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ce. Daga nan har Bunkure ba ka jin komai sai salati a gonaki, ruwa yana ta gudu a kanal, shuka kuwa ta bushe a tsaye kamar an bi ta da wuta. Yayanku ya zuba duk abin da ya mallaka a noman ranin nan, ya dawo da kwanduna a kife. Cikin wannan hali Baffanku Sale, ƙanin Malam, ya iso ƙofar gida da A-daidaita-sahu cike da kwalaye. A lokacin shi yaron wani Alhaji ne mai ma'aikatar haɗa fitilu masu caji can wajen Kumbotso. Ya ce Alhaji ya tausaya wa matan karkara, ya kawo musu aiki har ɗaka, ba sai sun fita ba, ba sai wani namiji ya ga fuskarsu ba. Malam ya ji wannan ya yi hamdala, ya ce a ajiye kwalayen a ɗakin da ke kusa da zaure. Tun daga ranar gidanmu ya zama wurin da matan gari ke aiko yara su karɓi aiki su kuma dawo da shi.

Aikin ba wuyar koyo. Kowace fitila tana da ɗan falle kore a cikinta, da 'yan ƙwayayen wuta da wayoyi da za a liƙa masa. Abin liƙin wata waya ce mai laushi, tana ƙyalli kamar azurfa, a naɗe kamar zare. Ita ce dalma. Sai ƙarfe mai tsini da ake ɗora mata ta narke. Na ma'aikata da lantarki yake aiki, mu kuwa da wutar sai ta ga dama take zuwa, a cikin garwashin kurfoti ake cusa shi, kurfotin da ake ɗumama kunu da shi. Sale, da yake ba ya gajiya da tsokanata tun ina amarya, ya miƙo min naɗi guda.

"Yaya, ke ma karɓi naki, ki daina jiran sadakar Malam."

"Idon nan ko allura ba ya zura wa zare," na ce masa. "Kai wa masu ido. Kai ma da ka iya da ba ka raba wa mata ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne aikin hannu uku yake so: ɗaya ya riƙe fallen, ɗaya ƙarfen, ɗaya dalmar. A ma'aikata akwai abin da ke damƙe fallen a kan tebur. A ɗakunanmu babu tebur, babu madamƙi. Amma matan garin nan da ɗinkin hula suka tashi, tun suna 'yan mata haƙori ne ke riƙe musu zare, shi ke tsinke shi. Ba wanda ya koya musu, ba wadda ta tsaya tunani. Kwana kaɗan da fara aikin, duk ɗakin da ka leƙa za ka ga mace ta sunkuya, dalma a tsakanin haƙoranta, tana kai bakinta wurin ƙarfen, hayaƙi yana tashi a fuskarta. Labule kuma a sake, saboda ɗalibai maza suna wucewa ta tsakar gida, ga iska tana saurin huce ƙarfen.

Zulai, matar yayanku, ta fi kowa sauri. Yarinya ce mai zafin nama wadda ba ta son a ji kukan gidanta a waje, kuma da aikin nan ta riƙe mijinta ba tare da ya sani ya ji kunya ba. Abba yana gindinta kullum. In ya yi kuka ta cire dalmar daga baki, ta tauna masa gyaɗa ko ɗan nama ta ba shi, ta mayar da dalmar. 'Yan ɗigon da suka zuba ƙasa su daskare su zama kamar duwatsun wuya, shi kuwa ya bi yana tsinta.

Ina so ku san wane ne Abba kafin wannan shekara, don ku yanzu wani kuka sani. Sunan mahaifin Malam aka sa masa, shi ya sa ba mai kiran sunan. Bai daɗe da yaye ba ya fara bin ɗalibai karatu da ka. Ba wanda ya ɗora masa allo, kunnensa kawai ya kwashe ƙananan surori, har yana gyara wa waɗanda suka girme shi. Malam, mutumin da bai taɓa ɗaukar ɗansa a gaban jama'a ba, sai ga shi yana zaunar da jikan a kan buzunsa. Bai faɗa ba, amma kowa ya san wa yake hango wa makarantar. Ni kuwa angona nake ce masa, shi kuma ya tsaya ya ƙare min kallo.

"Inna, na fasa. Haƙoranki sun zube."

Haka yake, baki kamar reza. Shi ya sa ni na fara lura da ya yi shiru. Da farko ciwon ciki ne da rashin bayan gida, aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Sai ya daina cin abinci, ya koma lasar ƙasa. Sai faɗa da cizo, yaron da ba ya haka. Wata safiya Malam ya ja masa surar da ya daɗe da riƙewa, ya tsaya yana kallon bakin kakansa kamar bai taɓa ji ba. Malam ya yi masa rubutu ya sha, ya yi tofi, ni ma na yi iya nawa. Ba na raina wannan, da shi na tashi, da shi zan koma. Amma ranar da jijjiga ta kama shi a tsakar gida, ido ya kafe, ban jira kowa ba, na saɓa shi muka nufi asibitin Kura ni da uwarsa. A can aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi allurai, muka dawo. Jijjigar ta sake dawowa, sai aka tura mu birni.

A asibitin birni wata likita ce ta duba shi, mace, ba ta kai yayanku shekaru ba. Ta sa aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ta kira mu, ta yi ta tambaya: ina muke ɗiban ruwa, wane kwalli ake sa masa, akwai mai fasa batir a gidan? Duk muka ce a'a. Tana cikin rubutu Zulai ta buɗe baki za ta yi magana, sai likitar ta ajiye biro.

"Baiwar Allah, ɗaga leɓenki in gani."

Zulai ta ɗaga. A gindin haƙoranta akwai wani layi baƙi-baƙi, siriri. Ni na daɗe da ganinsa, na ɗauka goro ne ko fure.

"Me kike sawa a baki?"

Zulai ta kwance bakin zanenta ta fito da guntun dalma, don ko asibiti da aikinta ta zo. Likitar ta karɓa da takarda, ba ta taɓa da hannu ba. Ta juyo gare ni.

"Mama, wannan guba ce. Babba tana cinsa a hankali, yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa take fara ci. Za mu ba shi maganin da zai fitar da ita daga jini. Abin da ta riga ta ɓata ba na yi miki alkawarin zai dawo. Amma in ya koma gidan da ake wannan aiki, ƙurar tana ƙasa, tana tabarma, maganin ya tashi a banza, jijjiga ta gaba kuma ba lallai ya farka ba. Ita ma da cikin nan, kada ta ƙara taɓawa."

Sai a lokacin na san Zulai tana da ciki. Na tambayi likitar ko hukuma ba ta san da wannan abu ba. Ta ce ta sani, akwai doka a kansa, akwai ma'aikatan duba-gari da ke zagaya ma'aikatu, akwai kuma wata wayar liƙin ta kuza da ba dalma a cikinta, wadda ba ta wannan ɓarna. Na ce to me ya kawo mai gubar ɗakin surukata? Ta ce wannan sai in tambayi wanda ya kawo.

Da muka dawo na tambaya. Bayan la'asar ne, ɗalibai sun tashi, na tarar da Malam da Sale da yayanku a zaure, na tsaya daga bakin ƙofa ta ciki na faɗi duk abin da likita ta ce. Sale ya fara da dariya, ya ce likitocin yanzu ko tuwo suka auna sai sun ce da guba. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya harzuƙa, cikin fushin kuwa ya faɗi gaskiyar da bai yi niyya ba.

"Yaya, ke ba ki san wahalar da Alhaji ya sha ba. 'Yan duba-gari sun hana shi sakat a ma'aikata. Wai sai ya sa fanka mai zuƙe hayaƙi, sai safar hannu, sai ya canja waya mai tsada wadda ba ta narkewa da sauri. Ina riba a nan? Shi ne na ba shi shawara a kawo gida. Nan wa zai shigo?"

Ya nuna bangon zaure da yatsa. Kun san abin da ke rubuce a wurin tun zamanin kakanku: ba a shiga. Na daɗe ina alfahari da rubutun nan, ina ganin shi ne mutuncinmu. Ranar na gane wani mai kuɗi ya zauna a ofis ya yi tunani, ya ga babu wurin da ya fi ɗakin matar aure kyau a ɓoye guba, tunda mazanmu da kansu za su tsare masa ƙofa kyauta. Har yau in na tuna wannan zuciyata tafasa take.

Malam ba mugun mutum ba ne, kada ku karanta wannan ku ce na ce haka. Yana son yaron fiye da yadda nake sonsa, in hakan zai yiwu. Amma Sale ƙaninsa ne uwa ɗaya, ga kwanon ajin Islamiyya da aikin nan ya rufa, ga gidaje da yawa da ba sa ɗora tukunya sai da shi.

"Zulai ta daina," in ji Malam. "Sauran kowa ya ji da gidansa. Cuta da lafiya na Allah ne, Rakiya."

"Na Allah ne, Malam. Kwalayen kuwa na Sale ne. A fitar da su."

"Na gama magana."

Yayanku yana zaune, kansa a ƙasa. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba balle in yi masa faɗa a gaban ubansa. Na dai tsaya ina kallonsa ko zai ɗago, bai ɗago ba. Zulai ta daina, amma matar Sale da surukanta ba su daina ba, kuma tsakar gida ɗaya ce, tsintsiya ɗaya, kurfoti yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Na share, na wanke, na hana yaron fita daga ɗakina. Wata hantsi na shiga wanka na fito, na same shi a bakin ɗakin kwalaye yana mamular wani abu. Na zura yatsa na zaro ɗigon dalma. Washegari na sa hijabi na tafi sakatariya a Kura, na ce a nuna min ofishin duba-gari.

Mazan ofishin suka saurare ni, suka kalli juna. Babbansu ya ce sun daɗe da sanin aikin ya bar ma'aikata ya shiga gidaje, sun ma je ƙofar wasu, sun karanta abin da ke bango sun juyo, don ba wanda zai jawo wa kansa fitina da masu gida. Na ce duk ofishin nan ba mace? Aka kira wata Malama Hassana daga ɗakin baya, doguwa, marar yawan magana. Muka sa rana. Da na koma gida ban ɓoye wa Malam ba, na same shi ɗakinsa na gaya masa.

"In kika shigo da hukuma gidan nan, Rakiya, ki san da ni kika yi."

"Mace ce, Malam. Baƙuwata ce. Tun da na zo gidan nan ba a taɓa hana mace shiga ba."

Da rana tsaka ta zo, da hijabinta har ƙasa da jaka a hannu. Ta yi sallama a zaure, ta durƙusa ta gaishe da Malam, ya amsa yana kallon littafinsa, ta wuce ciki. Ta shiga ɗaki-ɗaki, ta ɗebi ƙura, ta ɗebi tokar kurfoti, ta duba bakin kowace mace. Ba ta zagi kowa ba. Ta zaunar da su a inuwar darbejiya ta fito da naɗin wayar kuza ta nuna musu. Ba ta ƙyalli kamar dalma, kuma tana son zafin da garwashi ba ya riƙewa. Ta ce aikin ba haramun ba ne, ana iya yinsa lafiya: a samu ɗaki mai tagogi wanda yara ba sa shiga, a sa tebura da madamƙi, da ƙarfen lantarki mai aiki da sola, a wanke hannu kafin a taɓa abinci. Daga gidanmu ni na raka ta sauran gidajen, har yamma. Ta sa aka kai yara da dama gwajin jini, an kuma samu abin a jikin wasunsu tun bai yi musu irin na Abba ba. Iyayen yaran nan suna cikin waɗanda suka fi zagina daga baya.

Na yi zaton gyara za a yi. Har na roƙi Malam ya ba da aji ɗaya na Islamiyya matan su riƙa aiki a ciki da safe, na aika wa Sale ya kai wa Alhajinsa maganar. Amsar da ta dawo ita ce A-daidaita-sahu, ta kwashe kwalayen kaf. Da aka kira Alhajin ya rantse bai san inda yaronsa ke kai kaya ba, ya nuna musu ma'aikatarsa tsaf, da fanka, da safar hannu, da wayar kuza a kan tebur. Sale ya yini a ofis ana masa tambayoyi, aka sake shi, Alhaji ya kore shi, wani yaron ya gaje shi. Aikin ya koma wasu ƙauyuka can hanyar Madobi. Na gaya wa Malama Hassana, ta ce ta rubuta ta kai sama, ba a ba ta mota ba, kuma a can ba ta da matar gida da za ta shigar da ita.

Abin da ya biyo baya kun ga ƙarshensa da idonku. Ajin matan aure da nake koyarwa ya watse, waɗanda na koya wa alwala suka koma kawar da kai in mun haɗu a gidan biki. Cikin Zulai bai zauna ba, ya zube, kuma matan da suka zo yi mata sannu ba su cika tabarma ɗaya ba. Sale ya gina katanga ya raba tsakar gida, har ya mutu bai ƙara ce min Yaya ba. Malam bai sake ni ba, bai ɗaga min murya ba, sai dai daga ranin nan har aka girbe shinkafar damina, in yana son abu a wurina ta bakin yara yake aikowa. Ya rasu bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Abin da na sani shi ne kowace safiya, har ciwon ajalinsa, yakan zaunar da Abba a gabansa ya ja masa sura ɗaya, ita ce dai jiya, ita ce yau, bai taɓa ɗaga masa bulala ba.

Jijjigar ba ta ƙara dawowa ba. Abba ya rayu, ya yi tsawo, ga shi nan gashin baki ya fara fito masa. Wannan na samu, kuma ko yau aka mayar da ni bakin zauren nan sai na sake shigo da matar. Amma abin da ya karanta da safe kafin azahar ya zube. Bara sa'o'insa suka yi saukar karatu, aka cika ƙofar gida da kujeru, ana ta rabon waina. Na shiga ɗaki ɗauko faranti, na same shi zaune a bakin gadona, allo a kan cinya.

"Ango, ba za ka fita ka ci waina ba?"

"Inna, an ce haka Allah ya yi ni."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

Na ajiye farantin na zauna kusa da shi. Na ce masa komai da sanin Allah yake faruwa, amma wannan da hannun mutane aka yi. Na gaya masa yadda yake yana ƙarami, yadda yake gyara wa manya karatu, yadda kakansa ke ɗora shi a buzu. Na gaya masa labarin dalma a hankali, yadda zai gane. Ya saurara bai motsa ba, ana ta kabbara a waje. Can ya ɗago.

"Ashe da ina da shi."

"Da kana da shi."

"To Inna, ki ce wa wanda ya ɗauka ya dawo min da shi. Ba zan yi faɗa ba."

Na ce masa to. Ya yi murmushi, ya ɗauki allonsa, ya fita ya zauna cikin 'yan ƙananan da ke gefen rumfa, ya fara daga inda ya fara jiya.